Yaya Za A Gane Cewa Shugabancin Ɗalibai Yana Gyara Halin Yaro?

Tambaya: Ni shugabar wata makarantar firamare ce. Kowace shekara muna naɗa monitoci da shugabannin ɗalibai, iyaye kuma suna tambayata ko wannan ɗawainiya tana ƙara wa 'ya'yansu hankali. Ta yaya zan auna abin da ba shi da jarrabawa?

Amsa: Malama, abin da ya fi ruɗar makarantu shi ne, yaran da ake ba muƙami tun asali su ne masu natsuwa, saboda haka kyawun halinsu a ƙarshen shekara ba hujja ba ce cewa muƙamin ne ya kawo shi. Sai an auna yaro kafin naɗi, a sake aunawa bayan zango biyu, sannan a kwatanta canjinsa da na takwarorinsa waɗanda ba a naɗa ba.

Makin tsafta da ladabi da zuwa kan lokaci da ake cikewa a katin sakamako ba zai wadatar ba, domin yawanci biyayya yake aunawa, alhali shugabanci ya wuce biyayya. Cibiyar CASEL ta Amurka, mai nazarin koya wa yara kyawun hali da zamantakewa, wadda aka kafa a 1994, ta kasa wannan fanni gida biyar: sanin kai, kame kai, fahimtar halin da wasu ke ciki, iya zama da mutane, da yanke shawara ta gari. Kowanne sai an mayar da shi aikin da ido ke gani. Idan rigima ta tashi wajen shara, monita yana sauraron ɓangarorin biyu, ko bulala yake nema? Idan aka ƙi bin umarninsa, yana haɗiye fushi? Malamin aji ya riƙa rubuta irin wannan duk mako, da kwanan wata.

Za ki iya ƙarawa da takardar SDQ mai tambayoyi 25 da ke auna kyawawan halaye da matsalolin ɗabi'ar yara, wadda likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Birtaniya Robert Goodman ya fitar a 1997. Malami ya cike tasa, iyaye su cike tasu, yaron da ya kai shekara 11 ma ya cike da kansa. Sai dai kada ki firgita idan yaron ya fi ganin laifin kansa a karo na biyu, domin wanda ya fara gane nauyin shugabanci yakan tsananta wa kansa hukunci.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinya mai kunya, wadda ba ta ɗaga murya gaban manya, a rubuta mata rashin ƙwazo, alhali ita ce ƙananan yara ke kai wa kukansu. Ki sa a lura da ita lokacin tara, inda babu malami a tsaye a kanta, a kuma tambayi 'yan ajinta wa suke nema idan an zalunce su.