Tambaya da Amsa: 'Yata nas take son zama, me ya haɗa ta da tarihin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Hiyuston, jihar Teksas. 'Yata ta shiga kwalejin al'umma, wato kwalejin gwamnati ta shekara biyu, bana da niyyar karantar aikin jinya. Da ta nuna min jadawalinta, sai na ga Turanci, tarihin Amurka, lissafi da ilimin halayyar ɗan Adam. Babu ko ɗaya mai ƙamshin asibiti. Anya ba kuɗinmu ake ci a banza ba? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, ba kuskure aka yi wajen rajista ba. Haka tsarin Amurka yake: ɗalibi kan fara da kwasa-kwasan gama-gari kafin ya shiga fanninsa, ko likita zai zama ko injiniya.

Da kiredit ake auna karatu a can, kuma kiredit ɗaya kusan awa ɗaya ce a aji kowane mako na zangon karatu. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, shaidar shekara biyu ta kwaleji kusan 60, digiri kuma kusan 120. Jihar Teksas ta ware 42 a matsayin ginshiƙin karatun gama-gari, kuma doka ta ce wanda ya kammala su a kwalejin gwamnati, duk jami'ar gwamnati a jihar dole ta karɓe su dunƙule. A ciki akwai kiredit 6 na tarihin Amurka da 6 na tsarin mulki, na tarayya da na jihar. Nan tarihin da ya ɗaure miki kai ya samo asali. Tunda kuwa kuɗin kwaleji bai kai na jami'a ba, gara ta sauke wannan nauyin a inda yake da rahusa.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da nake so ki yi mata yau da daddare: wace hanya ta ɗauka? Manyan hanyoyin zama nas mai rajista biyu ne, shaidar kwaleji ko digirin shekara huɗu, kuma duka jarrabawar lasisi ɗaya suke zaunawa, wato NCLEX. Hanyar farko ba ta buƙatar duka 42 ɗin nan, don haka tarihi na iya jira. Idan digiri ta nufa, babu makawa. Ta samu mai ba ɗalibai shawara a kwalejin, ta nemi jerin kwasa-kwasan da makarantar jinyar da take hari ta gindaya, a rubuce. Wajen lissafi musamman ake tafka asara. Yawancin masu ba da digirin jinya ƙididdiga suke nema, sai ka ga yaro ya sha wuya wata huɗu a kan aljabara, ƙarshe a ce masa ba ita ba ce.

Abin da iyaye ba su cika lura da shi ba, shiga kwaleji daban, shiga sashen jinya daban. Guraben kaɗan ne, kuma ana tantancewa da makin waɗannan kwasa-kwasan da muke rainawa, haɗe da na ilimin sassan jikin ɗan Adam da na ƙwayoyin cuta, sannan jarrabawar shiga irin su TEAS ko HESI. Sakamakon C, wato matsakaicin maki, a Turancin zangon farko zai bi ta har gaban masu tantancewa.

Ni a ganina ma Turancin nan ya fi sauran cizo. Ba nahawu ake koyarwa ba. Za a ba ta maudu'i, ta ɗauki matsaya, ta kare ta da hujja a shafi huɗu ko biyar, ta kuma nuna inda ta samo kowace magana. Yaron da ya saba haddace abin da malami ya faɗa ya mayar masa, a nan yake daburcewa. Kwafo jimla daga intanet ba tare da ambaton mai ita ba kuwa satar rubutu ce a wurinsu, tana iya jawo sifili a kwas ɗin gaba ɗaya. Akwai cibiyar taimakon rubutu a harabar kwaleji, kyauta. Ta riƙa kai zubin farko a duba mata tun kafin ranar miƙawa. Ai nas ma babban ɓangaren aikinta rubuta abin da ta gani a jikin majiyyaci ne, yadda mai karɓar aiki bayanta zai fahimta.

Naki aikin, Hajiya, shi ne lokaci. Kwas huɗun nan kiredit 12 ne, kuma ƙa'idar ita ce kowace awa ɗaya a aji tana neman awa biyu na bita a gida. Awa 12 a aji, 24 a gida, awa 36 ke nan a mako. Idan tana aikin kanti da yamma, ga girki, ga ɗauko ƙanne daga makaranta, wani abu zai faɗi, kuma yawanci makin ne. A rage mata.

In wani kwas ya fi ƙarfinta, akwai ranar ƙarshe ta janyewa, inda za a rubuta mata W, alamar ta janye, a maimakon F, alamar faɗuwa. Amma kada ta mayar da shi al'ada. Mai cin tallafin karatu na tarayya sai ya riƙe matsakaicin maki 2.0, wato daidai da C, ya kuma ci kusan kashi 67 cikin ɗari na abin da ya yi rajista, sannan Teksas ta taƙaita janyewa ga kwas 6 a duk tsawon karatun digirin farko a makarantun gwamnati. Ranar ƙarshe ta janyewar tana cikin kalandar kwalejin. Ku duba ta tare tun yanzu.