Fedar oktef za ta iya mayar da jita bes?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyu ne muke kiɗa, ni a kan jita, abokina a kan ganguna, ba mu da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya. Na sayi fedar oktef, wato na'urar da ake takawa da ƙafa ta saukar da sautin jita, don ta cike gurbin, amma sautin sai ya riƙa rawa, wani lokaci ya zabura sama kamar mai shaƙuwa, in kuma na kama kod gaba ɗaya, wato tsirkiyoyi da yawa a tare, sai ya dagule. Fedar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ɗora wa fedar laifi. Abin da ka bayyana halinta ne, kuma yawancin maganinsa yana hannunka.

Tsirkiyar jita mafi kauri, wato E, tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Ta bes kuwa sau 41, rabi ke nan. Haka A: 110 a jita, 55 a bes. Tsirkiyoyi huɗu masu kauri na jita, E, A, D da G, su ne dai na bes, sai dai na bes sun sauka da oktef guda, wato rabin yawan kaɗawa. Aikin fedar shi ne ta raba yawan kaɗawar nan gida biyu.

Ba ka faɗi irin fedarka ba, amma alamu sun nuna analog ce, dangin Boss OC-2 da ta fito a 1982. Irin wannan ƙirga kaɗawa take yi, duk biyu ta fitar da ɗaya, kuma murya ɗaya tak take iya bi. Ka ba ta kod, ka haɗa ta da mutum uku suna magana lokaci guda. Shaƙuwar kuma ga asalinta: ko tsirkiya ɗaya ka taɓa, akwai siraran sautuka da ke hawa kan ainihin sautin, ɗaya daga cikinsu ninki biyunsa ne. Da zarar wannan ya rinjayi na ƙasa, musamman lokacin da sautin ya fara mutuwa, sai fedar ta koma binsa, ka ji ta yi tsalle.

Saboda haka ka ba ta abu mai tsabta. Koma kan fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na wajen wuyan jita, ka rage makunnin kaifin sauti sosai. Ajiye fik, ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, ka buga da naman babban yatsa, kusa da ƙarshen wuya, inda sauti ya fi kauri. Tsirkiyoyin da ba ka bugawa ka danne su da gefen tafin hannu. Wata can tana ɗan amo a ɓoye ta isa ta rikita fedar. In kana son A, kama ta a firet na biyar, wato gaɓa ta biyar a wuyan jita, na tsirkiyar E maimakon ka bar tsirkiyar A a sake, don ka iya katse ta da ɗaga yatsa kafin ta fara rawa. Fedar kuma ta zama ta farko bayan jita. Wanda ya sa distoshan, fedar da ke sa sauti ya yi kaushi, a gabanta, shi ya nemo wa kansa rigima.

Na dijital, irin POG ta Electro-Harmonix, suna iya bin kod, sai dai wasu kan ɗan makara kaɗan, abin da mai ganga yakan riga kowa ji. Ni dai ban ga amfanin saukar da kod gaba ɗaya ba, laka kawai yake zama. Shi ya sa mai bes na gaske ba kasafai yake kama kod ba. Wadda ta dace da ku ita ce irin Boss OC-3 ta 2003 ko OC-5 ta 2020, masu makunnin Range: sai ka ƙayyade cewa sautukan ƙasa kaɗai za a saukar, na sama su fita yadda suke. Babban yatsa na tafiyar da bes, sauran yatsu na kod.

Sai batun da mutane suka fi mantawa, wato sifika. Ta amfilifayar jita ba a gina ta don kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ba, ƙarfinta yakan fara zubewa tun wajen 70 zuwa 80. Ka ƙure ƙara don neman kaurin da ba ta da shi, za ka ga fatar sifikar tana shiga tana fita kamar za ta tsinke, musamman a akwati mai buɗaɗɗen baya, kuma tana iya lalacewa. Raba sautin biyu: na oktef ya tafi amfilifayar bes ko miksa, wato na'urar haɗa sautuka, na jita ya tafi nasa wurin. OC-3 da OC-5 suna da mafita ta biyu don wannan aikin. Bambancin da wannan kaɗai zai kawo ya fi na sauya feda.

A kan dandamali dabarar tana ci. Sanannen zubin nan na farkon waƙar Seven Nation Army ta 2003, da mutane da yawa ke ɗauka bes ne, Jack White ya buga shi ne da jita ta cikin fedar DigiTech Whammy, su ma kuma su biyu ne a ƙungiyarsu ta The White Stripes, jita da ganguna. Amma ka lura da yadda zubin yake: sauti ɗaiɗai, da sarari a tsakani, yana tafiya da bugun babbar ganga. Haka za ka yi, ka rage yawan abin da hannunka ya saba zubawa.

In ɗaukar waƙa za ku yi a sutudiyo, nan kam zan ce ka ari bes. Tsawon tsirkiyarsa inci 34 ne, na jita irin Fender 25.5, kuma nauyin bugun doguwar tsirkiya mai kauri feda ba ta ƙirƙiro shi. In hannunka ya ƙi sabawa da bes, gwada Fender Bass VI, wadda aka fara yi a 1961: tsirkiya shida kamar jita, tsawo inci 30, an ɗaure ta oktef guda ƙasa, duk kamun da ka sani yana nan a wurinsa.