Bindigar aljihu a Amurka: .380 ko 9mm?

Ɗan'uwa, ka ce kana Texas, kana son ƙaramar bindigar da za ta ɓuya a aljihu, ka rasa zaɓi tsakanin harsashin .380 da 9mm.

In dai aljihu ne, ni .380 na fi so, irin su ƙaramar bindigar Glock 42. Sai dai ƙanƙanta na da ruɗi, don ƙaramar bindiga ta fi dukan tafin hannu. Na taɓa gwada wata mitsitsiya, harbi kaɗan hannuna ya yi tsami. Je filin harbi ka yi haya ka gwada tukuna.

Kada ka jefa ta aljihu tsirara cikin makullai, sai da kuben da ya rufe kunama.

In kuma bizar karatu ko ziyara gare ka, dokar tarayya galibi ta hana mallakar bindiga. Fara ganin lauya.