Shim ɗin da ke bayan fad ɗin birki: ado ne ko aiki yake yi?

Tambaya: Ina sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, Kano. Na saro fad masu araha waɗanda ba su da shim a bayansu, yanzu masu saye suna dawowa da ƙorafin ƙara. Wani bakanike ya ce shim ado ne, kuma ɗan giris a fuskar fad yana kashe ƙarar. Ina tsoron kada kayana su zama sanadin ran wani.

Amsa: Alhaji, shim ba ado ba ne, ko da yake ba shi ke tsayar da mota ba. Siririn ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, wanda ke shanye karkarwar da ke tasowa tsakanin fad da faifan birki kafin ta zama tsuwwar da kunne ke ji. Kasuwarsa ta duniya tana hannun kamfanoni irin su Trelleborg na Suwidin, da Nichias na Japan, da Meneta na Denmak, da Wolverine na Amurka, kuma yawancin cinikinsu da masu ƙera fad ne kai-tsaye. Motocin lantarki sun ƙara masa daraja, tun da babu rurin injin da zai ɓoye ƙarar birki. Masu yin fad na araha kuwa, daga shim suke fara rage kuɗi, kuma wanda ya yi rowa a nan da wuya bai yi ta a sauran kayan haɗin ba.

Maganar giris ce ta fi tayar mini da hankali, domin kullum sai na gamu da ita. Birki da gogayya yake aiki, giris kuma aikinsa kashe gogayya. Fuskar fad tana tsotse maiƙo, saboda haka ko an wanke ta da fetur, ko an goge ta da sanfefa, maiƙon zai sake tsattsafowa da zarar ta ɗauki zafi. Ƙarar takan ɗauke, mai mota ya biya yana godiya, sai ranar da yaro ya gitta masa ya taka birki motar ta ci gaba da tafiya, ko ta fizge gefe guda. Fad ɗin da maiƙo ya taɓa fuskarsa ba ya gyaruwa, jefarwa ake yi. Wasu ma har karya ɗan harshen ƙarfen nan suke yi, wanda aka sa da gangan domin ya yi ƙara idan fad ya cinye, wai sun yi maganin surutu. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne da rayukan mutane.

Inda giris ke da gurbi shi ne kunnuwan fad da sandunan da kalifa (maƙallin da ke matse fad a jikin faifan birki) ke zamewa a kansu, shi ma na birki mai jure zafi, ɗan kaɗan. Idan za ka sake saro kaya, ka nemi masu shim a manne da alamar ECE R90, wato shaidar ingancin kayan birki ta Turai, amma ka tabbatar da dillalin, domin ana buga alamar a kwalin jabu.