Tambayoyinku Kan Cin Zali Tsakanin Yara

Tambaya: Likita, 'yata kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, amma ranar da babu makaranta lafiyarta ƙalau. Ƙarya take yi?

Amsa: Ba lallai ƙarya ba ce, Hajiya. Fargaba tana kawo ciwon ciki da ciwon kai na gaske. Ki kai ta asibiti a duba ta, sannan ki tambaye ta a hankali wa take zama da shi a aji, wa take gudun haɗuwa da shi a hanya.

Tambaya: Ai yara dama sai da faɗa. Yaushe ne abin ke zama cin zali?

Amsa: Sa'anni biyu su yi faɗa yau gobe su shirya, wannan daban. Marigayi Dan Olweus, masani na jami'ar Bergen a Norway, wanda ya daɗe yana binciken wannan matsala, ya kafa alamomi 3: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko a jiki, ko a shekaru, ko a yawan abokai. Zagi, laƙabin wulaƙanci da ware yaro daga wasa duk suna ciki.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 10 yana dawowa gida da kuka, wai manyan yara na ƙwace masa kaya suna dukansa. Nakan zane shi in ce ya koma ya rama, don namiji ba ya kuka. Yanzu ya daina faɗa mini komai, sai dai ya koma fitsarin kwance, ba ya barci. Wani ya ce in ba shi ƙwayar da za ta cire masa tsoro. Wacce ce ta dace?

Amsa: Babu ita, Malam, kuma don Allah kada ka kuskura. Abin da ake sayarwa da sunan maganin tsoro galibi ƙwayoyi ne irin su tramadol ko maganin barci. Tramadol na iya jefa yaro cikin farfaɗiya ko ta danne masa numfashi. Ina mamakin mai hankalin da zai ba uba irin wannan shawara a kan ɗan shekara 10! In har an riga an ba shi wani abu, a kai shi asibiti yau tare da ragowar ƙwayar.

Sai maganar dukan. Na san ba ƙiyayya ce ta sa ka ba, so kake ya tsaya da ƙafarsa. Amma duba yadda abin yake a wajensa. An doke shi a makaranta, ya rugo wurin mutumin da yake ganin zai kare shi, shi ma ya doke shi. Abin da ya koya shi ne bakinsa ke jawo masa bulala, sai ya kama bakin. Shirun da kake gani ba sauƙi ba ne, cin zalin na nan. Fitsarin kwancen da ya dawo bayan ya daɗe da dainawa, da rashin barci, alamun damuwa ne mai tsanani. Duk da haka a gwada fitsarinsa, domin ciwon mafitsara ko ciwon sukari ma na kawo hakan.

Ramawa kuma, da wane ƙarfi? Yaran sun fi shi girma, sun fi shi yawa. Zai ƙara shan duka ne, ko a hukunta shi a matsayin mai laifi.

Ka kira shi ku zauna ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ka ce masa ba laifinsa ba ne, kuma ba za ka sake dukansa a kan wannan ba. Ka saurara ko da maganar na fitowa guntu-guntu. Ka rubuta abin da ya faru, da ranar, da wurin, ka je wurin malamin ajinsa da shugaban makaranta da kanka. Ka tambaye su wa ke sa ido lokacin tara, da bayan gida, da bakin ƙofa in an tashi, don nan ne aka fi yin abin. Bayan mako guda ka koma ka ji me aka yi. Kada ka tare yaran da kanka.

Ɗanka ba rago ba ne. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya fuskanci cin zali a makaranta cikin wata guda. A Finland, shirin yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa ya mai da hankali kan 'yan kallo, domin mai cin zali dariyar jama'a yake nema. Aboki ɗaya da zai riƙa tafiya tare da ɗanka zai rage masa abubuwa da yawa.

Kuma in ka taɓa jin ya ce gara ya mutu, ko ka ga yanka a jikinsa, kada ka ɗauka maganar yara ce. A kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Tambaya: An ture ɗana ya bugu a kai, na shafa masa man zafi. Ya isa?

Amsa: Man zafi ba ya kaiwa cikin kai, 'yar'uwa. In ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa yawa, ko maganarsa ta rikice, asibiti nan take. Ki sa masa ido sosai kwana 2 na farko.

Tambaya: Ana zagin 'yata a WhatsApp ɗin ajinsu. In ƙwace wayar?

Amsa: In kin ƙwace, gobe ba za ta faɗa miki ba. Ku ɗauki hoton saƙonnin, ku toshe masu zagin, ku kai wa makaranta. In ta daina cin abinci ko tana kulle kanta a ɗaki, ki kawo ta mu gan ta.

Tambaya: Likita, ni nawa ɗan ne ke dukan na wasu. Bulala ta ƙi yi.

Amsa: Ba za ta yi ba, Malam, don darasin bulala shi ne mai ƙarfi ya doki na ƙasa. Ka sa ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba da haƙuri, ka riƙa bibiyar malaminsa. Ka kuma bincika ko shi ma wani na dukansa a gida ko a waje. In ya ci gaba, a kai shi wurin likitan yara ko masanin halayyar ɗan Adam.