Amsa ga mai tambaya daga Tawa kan hoton huhun mahaifinsa

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce ya shekara 30 yana shan taba, an yi masa hoton sikana a Yamai don neman kansar huhu, ba a gan ta ba, amma likita ya ce huhun ya yi ramuka. Kana tambaya ko hoton ya isa.

Hoton yana iya nuna ramukan. Hayaƙin taba yana yaga ƙananan jakunkunan iska na cikin huhu, iska ta shiga ta kasa fita, mutum ya riƙa haki in ya ɗan yi tafiya. Sai dai hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar toshewar numfashi. Ku nemi awon numfashi, wanda ake hura iska da ƙarfi cikin na'ura. In tarin ya wuce mako 2, a duba majinarsa saboda tarin fuka.

Wurin da ya yage ba ya komawa, wannan ne ke damuna. Amma in Baba ya bar taba yau, lalacewar za ta rage gudu. Ku lallaɓa shi, kar ku yi masa faɗa. Ku kuma nesanta shi da hayaƙin itace da ƙurar hunturu.