Sinadarin tsirrai da mantuwar mai sikizofireniya: me gwajin ɓeraye ya nuna?

Tambaya: Likita, ƙanena na fama da taɓin hankali irin wanda ake kira sikizofireniya. Da magani muryoyin da yake ji sun lafa, amma mantuwa na nan. Na ji an ce wani sinadarin tsirrai ya gyara ƙwaƙwalwar ɓeraye masu ciwon. In nema masa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Sinadarin sunansa polisakarayid, wato dogayen sarƙoƙin sukari da tsiro ke haɗawa. Yauƙin kuɓewa da ƙaro duk danginsa ne, sai dai daga cikin waɗanda aka gwada akwai wani mai suna inulin, da ake samu a saiwar wasu tsirrai.

Ɓera ba ya kamuwa da sikizofireniya. Kwaikwayonta ake yi: a yi masa allurar MK-801, wadda ke toshe wata kafar saƙo a ƙwaƙwalwa mai suna NMDA, sai ya rikice. Daga nan a gwada tunaninsa. A ajiye masa abubuwa biyu ya shinshina, bayan wani lokaci a musanya ɗaya. Lafiyayyen ɓera kan sabon yake daɗewa, mai mantuwa kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. A wasu gwaje-gwajen, ɓerayen da aka ɗura wa polisakarayid sun fi tunawa, kumburin ƙwaƙwalwa ma ya ragu.

Abin lura, sinadarin ya yi girman da mafi yawansa ba ya ratsa hanji ya shiga jini. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji ne ke narka shi su fitar da ƙananan sinadarai irin su butiret, kuma ta nan ake ganin yake aiki.

Ga inda gizo ke saƙar. MK-801 kan sa ɓera zirga-zirga babu tsayawa, don haka duk abin da ya kwantar da shi zai iya zama kamar ya gyara tunani. Sau da yawa kuma tun kafin allurar, ko tare da ita, ake fara ba da sinadarin; wannan rigakafi ne, ba jinyar wanda ya shekara da ciwo ba. Awo ma ba ɗaya ba: adadin sinadarin da ake ba ƙaramin ɓera a kowane kilo na nauyin jikinsa sai an raba shi da 12.3 kafin a kusanci na mutum.

Kada ki kashe kuɗi kan garin sinadarin da ake talla, kada kuma ya bar maganinsa, domin ciwon kan dawo. Ki kai ƙorafin mantuwar wurin likitansa. Wasu magungunan, musamman wanda ake haɗawa don hana sandarewar jiki, su kansu suna ƙara ta, kuma ana iya rage su.